Gajeriyar Hanya ko Mai Sauri: Kwatanta Dabarun Rage Jinkiri a Mahaɗar Musayar Intanet

Injiniyan da ke riƙe da rautar bakin iyaka (na'urar da ke haɗa cibiya da sauran cibiyoyin waje) ta wani matsakaicin kamfanin intanet a Kano ko Kaduna yakan kai matsayin da hanyoyin fita suka wadace shi, amma kukan kwastomomi bai ragu ba. Yana da layi zuwa mahaɗar musayar intanet ta Najeriya, wato IXPN, inda kamfanonin intanet ke haɗuwa su yi musayar bayanai kai tsaye, yana kuma sayen hanya daga dillalai biyu masu kai shi ga sauran intanet, duk da haka da zarar an idar da sallar isha'i sai wayar ofis ta fara ruri cewa kiran bidiyo yana sarƙewa. A nan shawarwari ke rabuwa. Wani zai ce a sayi manhajar da ke auna jinkiri ta sauya hanya da kanta, wani zai ce yaran ofis za su iya rubuta irinta, wani kuma zai ce a bar BGP, wato tsarin da rautoci ke sanar da juna hanyoyi da shi, yadda yake, a ɗan gyara da hannu. Kowanne yana da hujja, kuma kowanne yana da inda zai kai mai shi ya baro.

Tushen matsalar shi ne BGP bai san lokaci ba. Idan rauta ta ji hanyoyi biyu zuwa rukunin adireshi ɗaya, tana fara duba lambar fifiko da mai gidan ya sa, sannan ta ƙirga yawan cibiyoyin da sanarwar ta ratso, sannan ta sauko kan ƙananan ma'aunai irin su MED, lambar da maƙwabci ke sawa don nuna ƙofar da ya fi so a shigo masa. Babu milisakan ko ɗaya a cikin wannan lissafi. Hanyar da ta ratso cibiya ɗaya tak za ta doke wadda ta ratso uku, ko da ta farkon ta zagaya ta Landan, ta biyun kuma ba ta fita daga Legas ba. Mahaɗar musaya tana ƙara ɓoye wannan aibi, domin duk wanda ke kan allonta, wato na'urar da membobi ke jona layukansu a kai, yana bayyana tamkar maƙwabcin da ke ɗaki ɗaya da kai, alhali akwai membobin da rautarsu ke wata ƙasa, sun yi hayar dogon layi ne kawai ya kawo su bakin mahaɗar. Wannan shi ne ƙawance daga nesa, kuma ya zama ruwan dare a manyan mahaɗu irin su DE-CIX ta Frankfurt, da AMS-IX ta Amsterdam, da LINX ta Landan.

Akwai kuma iyakar da babu manhajar da ke tsallake ta. Haske a cikin faiba yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, saboda haka kowane kilomita 100 na waya yana cin milisakan ɗaya a zuwa da dawowa. Tsakanin Kano da Legas akwai kimanin kilomita 1,000, wato milisakan 10 ke nan a mafi ƙaranci, kafin a haɗa da karkacewar waya da jiran layi a na'urori. Wayar MainOne da ta haɗa Legas da Fotugal tsawonta kusan kilomita 7,000 ne, wanda ya ba da milisakan 70 kafin ma a doshi Landan. Buɗe shafi mai tsaro a karon farko yana bukatar zuwa da dawowa sau uku kafin harafin farko ya iso: ɗaya na ƙulla haɗi (TCP), ɗaya na kafa tsaro (TLS 1.3), ɗaya na tambayar kanta. A hanyar milisakan 15 wannan bai kai 50 ba, a hanyar milisakan 120 kuwa ya zama 360, kuma shafi ɗaya yakan janyo kaya daga sabobi da yawa.

Ma'aunan da za a bi

Ma'auni na farko, wanda aka fi mantawa da shi a teburin ciniki, shi ne ɓangaren tafiyar da dabara ke da iko a kai. Kai ne ke zaɓen hanyar da fakitinka, wato ƙunshin bayanan da kake aikawa, zai fita, amma hanyar da amsa za ta dawo mai aikowa ne ke zaɓenta. Kamfanin da ke sayar wa gidaje da shaguna intanet kuwa, mafi yawan kayansa masu shigowa ne, bidiyo da hotuna da sabunta manhajoji, abin da yake fitarwa ɗan kaɗan ne. Dabarar da ke gyara fita kaɗai ta taɓa ƙaramin rabin matsalarsa ne.

Na biyu shi ne kuɗi, ba na saye kaɗai ba, har da na albashin wanda zai kula da abin da kuma bambancin farashin hanyoyin, tunda kayan da suka bi ta mahaɗa sun fi araha nesa ba kusa ba a kan waɗanda suka bi ta dillali. Na uku ɗorewa, wato ko gyaran da aka yi yau zai ci gaba da zama daidai bayan wata shida, ko bayan wanda ya yi shi ya bar aiki. Na huɗu sauƙin kafawa da sauƙin gano matsala da tsakar dare. Na biyar haɗari, kuma a nan ana duba abu biyu: abin da dabarar za ta iya yi wa gidanka, da abin da za ta iya yi wa sauran duniya da sunanka.

Dukkan waɗannan suna tsaye ne a kan awo. Wanda bai ajiye tarihin jinkiri na akalla makonni biyu ba, dare da rana, zuwa manyan wuraren da kwastomominsa ke ziyarta, bai kai ga zaɓe ba tukuna. SmokePing, manhajar ajiye tarihin jinkiri, kyauta ce, na'urorin RIPE Atlas suna ba da damar auna hanya daga wajen gidanka zuwa cikinsa, kuma sFlow ko IPFIX, tsarin da rauta ke ba da rahoton zirga-zirga da su, za su nuna inda kayan suke tafiya da gaske. Sai dai a yi hattara da ping, wato ɗan saƙon gwajin da ke auna lokacin zuwa da dawowa, zuwa rautar wani, domin rautoci da yawa ba sa ba amsar ping muhimmanci idan suna cikin aiki, sai ka ga lamba mai tayar da hankali alhali fakitin da ke ratsa ta lafiya lau suke wucewa. Abin da ya fi dacewa a auna shi ne sabar da ke ƙarshen hanya.

Zaɓi na ɗaya: gyaran hannu da lambar fifiko

Wannan ita ce dabarar da kusan kowa ke kai, ko ya sani ko bai sani ba. Tsarin da aka gada shi ne a ba hanyoyin kwastoma fifiko mafi girma, na mahaɗa su biyo baya, na dillali su zo ƙarshe, tsari ne na aljihu ba na sauri ba. Gyaran shi ne a ware 'yan wuraren da wannan tsari ya cuta, a sauke fifikonsu.

Mu ɗauki misalin injiniyan da ke zaune gaban allo da ƙarfe tara na dare, janareta na ƙugi a bayan ɗakin, ya buga traceroute, umarnin da ke jero kowace rauta da ke kan hanya tare da jinkirinta, zuwa wata sabar wasan intanet da matasa suka dame shi a kanta. Layi na farko rautarsa ce, ƙasa da milisakan ɗaya. Layi na biyu da na uku suna kan hanyar Legas, goma sha wani abu. Layi na huɗu adireshi ne na allon mahaɗar, wanda ya kamata ya ƙara milisakan ɗaya ko biyu kawai, amma sai lambar ta yi tsalle ta haura ɗari. Ba cunkoso ba ne, domin da ya sake gwadawa da asuba lambar ba ta motsa ba. Memban ne ke zaune a ƙetare. Ya rubuta ƙa'ida mai layi huɗu ko biyar wadda ta sauke fifikon hanyoyin wannan memba ƙasa da na dillali, ya sake gwadawa, ya ga ko dillalin ya fi. Wani lokaci ya fi, wani lokaci kuma sabar da kanta a Turai take, duk inda aka bi sai an ƙetare teku, kuma a wannan hali hanyar mahaɗar ce mafi arha, babu dalilin barinta.

Kuɗin wannan dabara lokacin ma'aikaci ne kawai, kuma kowace rauta mai BGP tana iya yinta, daga MikroTik har manyan na'urorin Juniper da Cisco. Haɗarinta ga waje kaɗan ne, domin lambar fifiko ba ta fita daga cibiyarka. Rauninta ɗorewa ne. A ƙasar da aikin titi ke yanke faiba kusan kullum, mai ba ka layin Legas yakan juya kayanka ta wata doguwar zagaye a ƙarƙashin ƙasa ba tare da zaman BGP ya faɗi ba, jinkiri ya ninka, ƙa'idarka kuma tana nan tana rantsuwa cewa hanyar ita ce mafi kyau. Bayan shekara biyu fayil ɗin rauta yakan cika da keɓance-keɓancen da babu mai tuna dalilinsu. Maganin wannan ba fasaha ba ce, tarbiyya ce: kowace ƙa'ida a rubuta mata kwanan wata da dalili, a kuma bi su ɗaya bayan ɗaya duk wata uku.

Ta ɓangaren shigowa, abin da hannu ke iya yi shi ne maimaita lambar cibiyarka a sanarwar da ke bi ta hanyar da ba ka so, don ta yi kama da doguwa. Roƙo ne kawai, wanda ya sa fifiko a gidansa ba zai ma kai ga ƙirga tsawon ba.

Zaɓi na biyu: alamomin sabar hanyoyi

A yawancin mahaɗu, memba ba ya ƙulla zaman BGP da kowane memba ɗaya bayan ɗaya. Yana ƙullawa da sabar hanyoyi, galibi mai gudana a kan BIRD ko OpenBGPD, ita kuma ta rarraba masa sanarwar saura. Tunda duk sanarwa ta hannunta take bi, tana iya manna wa kowacce alama da ke nuna inda aka koyo ta. DE-CIX tana sa alamomin wuri, na nahiya da ƙasa da birni. France-IX ta ƙara gaba, tana auna lokacin zuwa da dawowa tsakaninta da rautar kowane memba, ta sa alamar da ke nuna ajin nisansa. ARouteServer, manhajar kyauta da mahaɗu da dama ke tsara sabarsu da ita, tana da alamomin da suka dogara da wannan awo, har da waɗanda ke ba memba damar cewa kada a isar da sanarwarsa ga duk wanda nisansa ya haura iyaka kaza, ko a tsawaita ta kafin a isar masa.

Wannan ƙarshen shi ne ya sa na fi karkata ga wannan zaɓi fiye da yadda aka saba ba shi daraja. Ita ce kusan dabara ɗaya tilo mai arha da ke taɓa hanyar shigowa da ƙarfi, domin wanda bai ji sanarwarka ta mahaɗa ba, ba zai iya aiko maka da kaya ta can ba, dole ya bi wata hanyar. Kuma maimakon keɓance membobi da sunayensu, ƙa'ida ɗaya ce ke cewa duk hanyar da ta zo da alamar nisa a sauke fifikonta, sabon memban da ya shigo gobe daga ƙetare zai faɗa cikinta ba tare da ka ɗaga yatsa ba. Ta fuskar ɗorewa wannan ya fi gyaran hannu sosai. Kuɗi babu ƙari a kan kuɗin tashar da kake biya.

Iyakokinta guda uku ne, kuma ya kamata a faɗe su filla-filla. Awon yana tsayawa ne a rautar memba, bai san abin da ke bayanta ba, don haka memban da ya ajiye rauta a Legas amma sabobinsa suna Amsterdam zai fito da alamar kusa. Awon kuma na nisa ne, ba na cunkoso ba, ba zai gaya maka cewa tashar wani ta cika maƙil da ƙarfe tara ba. Na uku, abin ya rataya ne a kan abin da mahaɗarka ta tanada, saboda haka kafin a gina tsari a kai sai a karanta jerin alamomin da ta wallafa, a tambayi ma'aikatanta, idan kuma abin da ake so babu shi, memba yana da bakin neman a ƙara, musamman a mahaɗar da ba ta riba ba ce. Akwai kuma tarko ga mai gaggawa: hana sanarwa ga memba mai nisa yana iya tura kayansa ta dillalinka, wanda kake biya da tsada, kuma ta yiwu hanyar dillalin ba ta fi sauri ba. Sai an auna kafin da bayan.

Wani abu da ya shafi duk mai amfani da sabar hanyoyi shi ne, zamanka da sabar yana iya kasancewa lafiya alhali hanyar da ke tsakaninka da wani memba ta mutu, kuma agogon jiran BGP yakan kai daƙiƙa 90 ko 180 kafin a farga. Ga manyan abokan hulɗa, zaman kai tsaye tare da BFD, tsarin da ke gano mutuwar layi cikin sauri, ya fi kwanciyar hankali.

Zaɓi na uku: manhajar kasuwa mai sauya hanya da kanta

Fitacciya a wannan fanni ita ce Noction IRP. Aikinta shi ne ta duba inda kayanka suka fi tafiya, ta aika fakitin gwaji ta kowace hanyar fita, ta kwatanta jinkiri da zubewar fakiti, sannan ta cusa wa rautarka sanarwar da za ta karkatar da kayan zuwa hanyar da ta yi nasara. Tana yin haka dare da rana ga dubban rukunan adireshi, abin da babu ɗan Adam da zai iya. Ita ce kaɗai a cikin zaɓuɓɓuka ukun farko da ke ganin cunkoso lokacin da yake faruwa, tana kuma iya lura da yawan da ka yi alkawari da kowane dillali don kada ka haura. Ana biyan lasisi gwargwadon yawan zirga-zirga, da kuɗin waje, kuma duk wanda ya riƙe kasafin kamfani a Najeriya tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023 ya san abin da hakan ke nufi ga mai karɓar kuɗinsa da naira.

Ƙarfinta a ɓangaren fita yake. Tana da dabarun shigowa, amma su ma tsawaita sanarwa ne da alamomi, wato roƙon da aka ambata a baya. Ga kamfanin ajiye shafuka ko mai watsa bidiyo, wanda kayansa masu fita ne, wannan daidai ne da bukatarsa. Ga mai sayar wa gidaje, ya sayi babbar mota ne don ɗaukar ƙaramin kaya.

Haɗarin kuwa a rubuce yake a tarihi. Don sanarwar da irin wannan manhaja ta cusa ta yi galaba, akan tsaga rukunin adireshi gida biyu, domin rauta kullum tana bin rukunin da ya fi ƙanƙanta kafin ta duba wani ma'auni. Muddin waɗannan tsagaggun sanarwa suna cikin gida, babu laifi. Ranar 24 ga Yunin 2019 suka fita. Kamfanin DQE da ke jihar Pennsylvania a Amurka yana amfani da manhajar Noction, sanarwar ta tsallaka zuwa wani kwastomansa, kamfanin ƙarafa na Allegheny Technologies, daga nan ta shiga Verizon, wanda ya yaɗa ta ga duniya. Kayan manyan kamfanoni suka rufta cikin ƙaramin layin da ba zai iya ɗaukarsu ba, kuma Cloudflare, ɗaya daga cikin kamfanonin da abin ya shafa, ta ce a lokacin da abin ya fi tsanani ta rasa kusan kashi 15 cikin ɗari na zirga-zirgarta. Adalci shi ne a ce laifin bai tsaya kan manhajar kaɗai ba, gidaje uku ne sanarwar ta ratsa babu wanda ya tace ta, amma manhajar ce ta ƙera abin da ya fi kowace sanarwa ta gaskiya ƙarfi.

Kada a ɗauka irin wannan sai a Amurka. Ranar 12 ga Nuwamban 2018, kuskuren saiti a MainOne ya sa hanyoyin Google da kamfanin ke koya ta ƙawance a Legas suka zube zuwa China Telecom, kayan Google na ƙasashe da dama suka bi ta Rasha da Sin, kuma sai bayan minti 74 aka gyara. Babu manhajar sauya hanya a wannan lamari, matatar fita, wato ƙa'idar da ke tantance sanarwar da za ta bar gida, ita ce ta kuskure. Wanda zai ɗora manhaja mai ƙera sanarwa a kan gidan da matatarsa ba ta da ƙarfi, garin neman gira zai rasa ido. Sharaɗin sayen ta shi ne matatar da ba ta barin komai ya fita sai adireshinka da na kwastomominka, da alamar NO_EXPORT, mai hana sanarwa fita waje, a kan duk abin da manhajar ta cusa, da kashe tsaga rukuni idan ana iya aiki ba tare da shi ba, da kuma rajistar RPKI ga adireshinka, wadda ke tabbatar da cibiyar da ke da ikon sanar da shi.

Akwai haɗari na biyu, na cikin gida, wanda duk direban da ya taɓa jin cewa wancan titin babu cunkoso ya sani. Hanya tana da sauri ne saboda babu kowa a kanta, da an kwashe kaya an zuba mata sai ta cika, tsohuwar ta zama mai sauri, manhaja ta sake juyawa. Wannan kai-kawo yana jawo tangal-tangal a jinkiri, wanda ya fi cutar da kiran murya fiye da jinkiri mai yawa amma tsayayye. Ma'aunin G.114 na ITU, hukumar sadarwa ta duniya, ya nuna cewa murya tana jure har milisakan 150 a tafiya ɗaya ba tare da masu magana sun damu ba, abin da ba ta jurewa shi ne lambar da ke hawa da sauka. Saboda haka a sa iyaka: kada a sauya hanya sai ribar ta kai wani adadi mai ma'ana, kuma idan an sauya a dakata na wani lokaci kafin a sake.

Zaɓi na huɗu: gina naka

Kayan aikin duk kyauta ne. ExaBGP ko GoBGP za su cusa sanarwa, pmacct zai tattara bayanan zirga-zirga, saura 'yan ɗaruruwan layuka na Python. Abin da ke jan hankalin injiniyoyi shi ne manya sun yi haka: a 2017 Facebook ta bayyana tsarinta mai suna Edge Fabric, Google kuma ta bayyana Espresso. Amma abin da Facebook ta gano ya cancanci a tsaya a kansa. Babban aikin tsarin nata kauce wa cikar layuka ne, kuma da ta auna hanyoyin madadin ta hanyar tura ɗan kason kayan gaske ta cikinsu, ta tarar cewa a mafi yawan wurare zaɓin BGP bai gaza na madadin ba, riba mai yawa tana cikin ƙaramin kaso ne. Idan haka abin yake ga mai hanyoyi barkatai a kowace mahaɗa, mai hanyoyi uku ya rage tsammani.

Dukkan haɗarin zaɓi na uku yana nan, an cire lasisi an kuma cire wanda za a kira idan abu ya lalace. Ɗorewarsa tana rataye a wuyan wanda ya rubuta shi, kuma ƙwararrun injiniyoyin cibiya ba sa daɗewa a ƙananan kamfanoni. Rabin wannan dabara ne nake ganin ya dace da kowa: a gina mai awo da faɗakarwa, wanda zai aiko da saƙo cewa hanyar kaza ta haura abin da ta saba, a bar sauya hanyar a hannun mutum.

Zaɓi na biyar: matso da kayan kusa

Wannan ba dabarar zaɓen hanya ba ce, amma duk kwatancen da ya bar ta ya yaudari mai karatu. IXPN, wadda aka kafa a 2006, tana da rassa a Abuja da Fatakwal da Enugu da Kano, kuma a 2025 ta sanar da cewa zirga-zirgarta ta haura terabit ɗaya a daƙiƙa. Sai dai manyan masu kaya sun fi taruwa a cibiyoyin ajiyar bayanai na Legas, inda wayoyin teku ke sauka, har da Equiano ta Google da ta iso a 2022. Haɗuwa da reshen da ke kusa da kai yana rage jinkiri ne tsakaninka da waɗanda ke wannan reshen, saura kuwa sai an je inda suke. Abin da ke share nisan gaba ɗaya shi ne ajiye sabobin tara kaya a ɗakinka, irin Google Global Cache, da Open Connect na Netflix, da makamantansu na Meta da Akamai. Kamfanonin sukan ba da na'urar kyauta ga wanda yawan zirga-zirgarsa ya kai mizaninsu, kai kuma ka ba da wuri da wuta da sanyi, wanda a wajenmu yana nufin dizal. Layi na biyu zuwa Legas ta wata hanyar ƙasa daban shi ma a wannan aji yake, kuma ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku na WACS da ACE da SAT-3 da MainOne suka yanke a gaɓar Kwaddibuwa, an ga bambanci tsakanin mai madadin gaske da mai dillalai biyu da ke hawa waya ɗaya.

Game da mahaɗu masu sarrafuwa da manhaja, waɗanda masu bincike suka gabatar tun 2014, da SCION, tsarin zaɓen hanya madadin BGP na jami'ar ETH Zurich wanda bankunan Suwizalan ke amfani da shi, duka suna bukatar ɗaya ɓangaren ma ya shiga, don haka ba abin da kamfani ɗaya zai yanke shawara a kai shi kaɗai ba ne.

| Zaɓi | Kuɗi | Ɗorewa | Sauƙi | Haɗari | Ɓangaren da yake gyarawa |
|---|---|---|---|---|---|
| Gyaran hannu | Lokacin ma'aikaci | Yana tsufa da sauri | Mai sauƙi | Kaɗan | Fita, shigowa kaɗan |
| Alamomin sabar hanyoyi | Babu ƙari | Mai kyau | Matsakaici | Kaɗan, amma kuɗin dillali na iya ƙaruwa | Fita da shigowa |
| Manhajar kasuwa | Lasisi da kuɗin waje | Mai kyau muddin ana biya | Kafawa na bukatar ƙwararre | Babba idan matata ba ta da ƙarfi | Fita galibi |
| Gina naka | Albashin ƙwararru | Ya dogara da marubucinsa | Mai wuya | Mafi girma | Fita galibi |
| Matso da kaya kusa | Wuta, wuri, hayar layi | Mafi ɗorewa | Yarjejeniya da jira | Kaɗan | Shigowa |

Wa ya dace da wanne

Ƙaramin kamfani ko jami'a mai dillali ɗaya da tasha ɗaya a mahaɗa ba shi da hanyoyin da za su ba manhaja aikin yi. Ya kafa awo, ya gyara manyan wurare goma ko ashirin da hannu, ya rubuta dalilin kowanne, ya yi amfani da duk alamar da mahaɗarsa ta tanada.

Kamfanin da ke sayar wa gidaje da shaguna, wanda kukansa na dare ne, ya fara duba ko layinsa na Legas ko tasharsa ta mahaɗa ce ke cika, domin jinkirin da ke zuwa da isha'i ya tafi da asuba cunkoso ne, faɗaɗa layi ke maganinsa. Kuɗin da zai kashe a lasisi ya fi amfani a sabobin tara kaya da layi na biyu, sannan ya ɗora alamomin sabar hanyoyi a kai don sarrafa shigowa.

Wanda ya ƙulla ƙawance daga nesa da wata mahaɗar Turai, ko yake kan mahaɗar da membobin ƙetare suka yi yawa, zaɓi na biyu wajibi ne gare shi, kuma kada ya ba hanyoyin da ya koyo daga can fifiko ɗaya da na gida.

Kamfanin ajiye shafuka, ko mai sabobin wasa, ko mai hidimar kiran murya, wanda kayansa masu fita ne, yake da dillalai uku ko fiye da mahaɗa fiye da ɗaya, shi ne manhajar kasuwa za ta biya wa kuɗinta. Ya fara gudanar da ita wata guda a yanayin kallo kawai, inda take ba da rahoto ba tare da ta taɓa rauta ba, ya ga yawan kayan da za su amfana da kuma milisakan nawa, sannan ya gwada matatarsa da gangan kafin ya sakar mata linzami.

Gina cikakken tsari na gida kuwa sai babban kamfani mai tawagar da aƙalla mutum uku suka fahimci abin da aka rubuta, wanda kuma yake da ɗakin gwaji da zai kwaikwayi rautocinsa kafin kowane sauyi ya hau kan layin kwastomomi.